Zauren tambaya da amsa: waya ta raba ni da barci da kwanciyar hankali

Saƙonnin da suka taru mana a wannan watan sun karkata wuri guda, wato yadda babbar waya ta shiga tsakanin mutanen karkara da barcinsu, da ayyukansu, da natsuwarsu. Mun zaɓi huɗu daga ciki, biyu daga jihar Kano biyu daga Jigawa, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani matashi manomi a yankin Kura

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 24, ina noman shinkafa a gonar mahaifina damina da rani. Tun da na sayi babbar waya bayan girbin bara nake sayen datar dare saboda ita ce mai araha, in kwanta ina kallon TikTok da fina-finai masu dogon zango har ƙarfe biyu ko uku. Asuba tana wuce ni, ranar da aka sako ruwa a layinmu sau da yawa nakan makara, ga ciwon kai, ga saurin fushi har ƙannena sun fara guduna. Wani lokaci gabana ya riƙa faɗuwa ban san dalili ba. Na goge TikTok har sau uku, amma ko kwana biyu ba na yi sai in koma wurin masu caji a sake saka mini. Shin raunin imani ne, ko kuwa akwai dabarar da zan bi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Ka sassauta wa kanka hukunci, domin wanda wucewar Asuba ta dama har ya zauna ya rubuto wasiƙa, imaninsa yana nan da ransa. Abin da ke damunka yana da sababi sananne, kuma idan ka fahimce shi gyaran zai zo maka da sauƙi. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan manhajoji suna samun kuɗinsu ne daga tallace-tallacen da ake nuna wa mai kallo, saboda haka duk mintin da ka ƙara a kai riba ce a wurinsu. Manhajar tana lura da bidiyon da ka tsaya ka kalla har ƙarshe da wanda ka wuce da sauri, sai ta ci gaba da jero maka irin wanda ya tsayar da kai. Sannan an gina ta ba tare da ƙarshe ba. A gidan kallo idan fim ya ƙare ana kashe inji kowa ya kama hanyar gida, shirin rediyo ma yana da lokacin sallama, amma a nan kowace shafawa sabon abu take kawowa, kuma ba ka san ko na gaba zai fi na baya daɗi ba. Wannan rashin sanin shi ne yake riƙe yatsanka a kan gilashin har ƙarfe uku.

Ciwon kai da saurin fushi da faɗuwar gaba kuwa, abu na farko da za a tuhuma a kansu shi ne ƙarancin barci. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kowane dare, kai kuma idan ka kwanta ƙarfe uku ka tashi bakwai, awa huɗu kacal ka samu, sannan ka shiga ruwa da laka ka yi aikin ƙarfi a cikin rana. Akwai wani sinadari mai suna melatonin da ƙwaƙwalwa take fitarwa idan duhu ya yi, wanda yake sanar da jiki cewa lokacin barci ya zo, kuma haske a ido da dare yana jinkirta fitowarsa. Sai dai a ganina laifin hasken kaɗan ne idan aka haɗa shi da na abin da ake kallon, domin zuciyar da ta tashi daga dariya ta faɗa rigimar wasu mutane, daga nan ta faɗa labarin kisa, duk a cikin minti biyar, ba za ta kwanta nan take ba ko da an kashe wayar. Idan ka gyara barcinka na tsawon wata guda amma faɗuwar gaban ba ta daina ba, ka je asibiti mafi kusa a auna jininka a duba ka.

Yanzu ga dalilin da ya sa gogewar da kake yi ba ta ɗorewa. Kai manomin rani ne, ka fi ni sanin cewa ruwa ba ya jin magiya. Hanyar da aka yanka masa ita yake bi, idan kuma aka toshe gabansa ba a buɗe masa wata ba, sai ya fasa kunya ya koma inda ya saba. Ka goge manhajar, amma ka bar wayar a gefen matashinka, ka bar datar dare a cikinta, ka bar awannin bayan Isha'i babu abin yi. Da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga gajiya ga kaɗaici, ba lokacin da mutum yake iya yi wa kansa faɗa ba ne. Saboda haka shawarar da za ta cece ka da rana ake yanke ta, lokacin da hankali yake jikinka.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne wurin kwanan wayar. Daga yau ka sama mata makwanci a wajen ɗakinka. Bayan sallar Isha'i ka miƙa wa mahaifiyarka ta ajiye maka, ko kuma, idan kana da mai caji amintacce, ka riƙa kai masa da dare kana karɓowa da hantsi, ka ga ka samu caji kuma ka samu barci. Rashin wutar lantarki da muke kuka da shi a ƙauye a nan ya zama taimako, tunda dama sai wayar ta bar hannunka kafin ta samu caji. Kai dai ka zaɓi dare ya zama lokacin. Idan kana tsoron kiran gaggawa, ko ka dogara da ita wajen tashi da haska hanya, ka nemi ƙaramar waya mai maɓalli ka sa layinka a ciki, ita ma tana da ƙararrawa da tocila, kuma cajinta yana kwanaki. Kuɗinta bai kai abin da za ka rasa ba idan ruwa ya wuce gonarka sau biyu a lokacin da shinkafa take fitar da kai.

Sai datar dare. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, don haka ba abin mamaki ba ne mai ƙaramin ƙarfi ya nemi inda ya fi sauƙi. Amma kamfanonin layi suna karya farashin dare ne saboda a lokacin jama'a sun yi barci layi babu cunkoso, kuma wanda ya saya da barcinsa yake cika kuɗin. Ka koma sayen 'yar kaɗan ta rana wadda za ta ƙare da kanta. Ƙarewar tata ita ce sallamar da manhajar ta ƙi yi maka.

Ban ce ka daina kallo gaba ɗaya ba, domin wanda ya wuni a gona yana da haƙƙin ya huta ya yi dariya, kuma haramta wa kai abu baki ɗaya shi ne ya mayar da kai wurin masu caji har sau uku. Ka yanka wa kallon lokaci sananne, misali bayan Azahar idan ka zauna a inuwa, ko tsakanin La'asar da Magariba, kiran salla ya zama iyakarsa. A saitin yawancin wayoyin Android na 'yan shekarun nan akwai wani sashe mai suna Digital Wellbeing, wanda kamfanin Google ya fito da shi a 2018. Yana nuna awa nawa ka yi a kan kowace manhaja, kuma kana iya sa wa TikTok iyakar minti 40 ko awa ɗaya, idan lokacin ya cika ta rufe sai gobe. Ka fara da duba lissafin makon da ya wuce, domin mutane da yawa ba sa yarda da yawan lokacin da suke ƙonawa sai sun ga adadin da idonsu.

Awannin da ka ƙwato kuma sai an zuba musu wani abu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta, malamai kuma sun keɓe hirar ilimi da ta iyali da ta baƙo. Makarantar dare, ko zama na rabin awa da mahaifinka a ƙofar gida kuna lissafin taki da man injin ban-ruwa, ko sauraron rediyo a cikin duhu, kowanne zai kai ka ga barci da wuri. Dararen farko za ka yi ta juyi, hannunka ya riƙa laluben wayar, kuma hakan alama ce cewa jiki yana sake saiti. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2009, wanda ya bi mutum 96 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, ya gano cewa a tsakaice sai da aka kai kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu sun samu a kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun haura kwana 200. Binciken ya kuma nuna cewa kuskuren rana ɗaya ba ya rushe ginin. Don haka idan ka zame daren Juma'a, daren Asabar ka sake miƙa wa Inna wayar ba tare da jin kunya ba. Kada ka ɗauki duk abin da na lissafa a mako guda. Ka fara da wurin kwanan wayar kaɗai, sauran su biyo baya.

Tambaya daga wata matar aure a wani ƙauye kusa da Ringim

Salamu alaikum Malam. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, maigidana yana ci-rani a Legas, sai bayan wata huɗu ko biyar yake zuwa. Shi ya sayo mini waya don mu riƙa gaisawa. Yanzu ina cikin guruf-guruf na littattafan Hausa, idan na fara karatu ba na iya ajiyewa, har tuwo ya sha ƙonewa. Abin da ya fi damuna shi ne sitatus ɗin ƙawayena da suka yi aure a Kano da Dutse. Idan na ga ɗakunansu da ankonsu sai in ji rayuwata ba a bakin komai take ba, in wuni raina a ɓace. Ga ɗana mai shekara biyu da rabi ba ya yin shiru sai na kunna masa katun. Uwar mijina ta fara magana. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki na ga tushen matsalar a jimlarki ta farko: miji yana nesa, wuni yana da tsawo, kuma wayar ce ta zama abokiyar hira. Wannan ba abin zargi ba ne, kuma ba zan ce ki rabu da abin da ke sada ki da maigidanki ba. Ku dai tsayar da lokacin gaisawa, ko bayan Magariba ko kafin ya fita aiki, yadda ba za ki wuni kina kunna data kina duba ko ya yi magana ba, domin a wannan dubawar ce ake zarcewa sitatus.

Game da ƙawayenki, kallon kitse kike yi wa rogo. Abin da mace take ɗorawa a sitatus shi ne minti ɗaya da ta zaɓa daga cikin wuninta, bayan ta share ɗaki ta yi kwalliya, wani lokaci da kayan aro ko anko na bashi. Ba ta ɗora kuɗin haya da ya zo, ko sayen ruwa a jarka, ko daren da ta kwana tana kuka. Ke kuma kin san rayuwarki ciki da waje, sai kike auna dukkanta da zaɓaɓɓen mintin wata. Duk wanda ya yi irin wannan awon zai ga ya gaza, ko da a gidan bene yake zaune. A shekarar 2018 an yi wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka da ɗalibai 143, aka sa rabinsu su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har tsawon mako uku, sauran kuma aka bar su yadda suka saba. Waɗanda suka taƙaita sun samu raguwar kaɗaici da damuwa, musamman waɗanda dama damuwarsu ta fi yawa. Rayuwar ɗaliban Amurka daban take da ta matar ƙauye a Jigawa, amma zuciyar ɗan Adam wajen auna kanta da wasu iri ɗaya ce, kuma abin lura shi ne ba daina amfani suka yi ba, ragewa suka yi.

A WhatsApp kina iya ɓoye sitatus ɗin duk wadda ganin nata yake ɓata miki rai, ba za ta sani ba, kuma zumuncinku yana nan. Idan kin yi kewarta ki kira ta ku yi magana da murya. Sau da yawa a hirar minti biyar za ki ji abin da hotuna ɗari suka ɓoye, har ki samu kanki kina ba ta haƙuri.

Karatun littafi abu ne mai kyau, kuma matan Hausa sun daɗe suna riƙe da shi tun zamanin littattafan kasuwar Kano na takarda. Bambancin shi ne na guruf ana sakin sa shafi-shafi, a yanke a daidai inda rai zai biya, kuma guruf biyar suna nufin labari biyar a lokaci guda. Ki zaɓi ɗaya ki fita daga sauran. Ki kafa wa kanki doka ɗaya wadda ba ta da sassauci: muddin akwai wuta a murhu, waya tana ɗaki a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa. Ƙonewar tuwo ƙaramin abu ne. Ina tunanin yaro mai shekara biyu da rabi yana yawo kusa da tafasasshen ruwa uwarsa kuma hankalinta yana wani wuri. Karatun ki mayar da shi ladan kammala aiki, bayan Azahar idan gida ya yi shiru. Sannan ki nemi abin da zai haɗa ki da mata ido da ido, ko Islamiyyar matan aure, ko adashi, ko wata sana'ar hannu irin su ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da ake yi ana hira, domin kaɗaici da mutane ake maganinsa.

Batun yaron shi ne wanda ba na so ki jinkirta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, kuma ƙasa da haka ya fi. Dalili shi ne yaro yana koyon magana ne ta hanyar mayar da zance, ya ce wani abu a amsa masa, ya nuna akuya a faɗa masa sunanta, katun kuwa ba ya amsa wa kowa. Idan kuma duk kukan da ya yi waya ce take biyo baya, ba zai koyi rarrashin kansa ba. Ranar da kika fara hanawa zai yi kuka sosai, kwana uku ko huɗu gidan zai yi zafi, daga nan zai sauka idan ba ki janye ba. Ki sake shi cikin yaran gida ya yi wasan ƙasa da gwangwani, ki riƙa yi masa magana kina aiki. A nan uwar mijinki za ta yi miki rana. Maimakon ki ɗauki maganarta a matsayin suka, ki same ta ki ce, "Inna, ina so in yaye shi daga wayar nan, ki taya ni." Kaka da aka nemi taimakonta takan zama garkuwa, kuma tana da tatsuniya da wasan jika da babu wayar da take da su.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar dabbobi a yankin Maigatari

Malam, barka da aiki. Ni sana'ata a waya take: farashi, hoton dabba, direbobi, shigar kuɗi, duk ta WhatsApp. Ba zan iya kashe ta ba. Amma guruf-guruf sun yi mini yawa, kuma kullum sai an turo bidiyon kashe-kashe da haɗarin mota, in kalla in kasa cin abinci, in riƙa jin tsoron hanya. Yaya zan yi?

Amsa

Barka kadai, Alhaji. Kai ba rage waya kake buƙata ba kamar tace abin da ke shigowa. Ka zauna yau ka raba guruf-guruf ɗinka gida biyu: waɗanda suke kawo ciniki, da waɗanda suke kawo surutu. Na biyun ka fita daga waɗanda za ka iya, waɗanda kuma kunya ta hana ka fita, kamar na dangi da na 'yan gari, ka kashe musu ƙara yadda ba za su kira hankalinka ba sai ka shiga da kanka. A saitin WhatsApp ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Ta haka babu abin da zai buɗe sai wanda ka taɓa, datarka ma za ta yi auki. Ka sanar da abokan cinikinka cewa abin gaggawa kira ake yi, saƙo kuma kana dubawa da safe, da bayan Azahar, da bayan La'asar. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari take ci ba ta shiga wannan lissafin, ranar aiki ce daga safe har dare, amma sauran kwanakin za su ɗauki tsarin.

Bidiyon gawa da jini kuwa ka daina buɗewa, kuma ka daina turawa. Ganin irin waɗannan hotuna a kai a kai yana dasa tsoro da mugun mafarki ko ga wanda abin bai faru a gabansa ba, sannan da yawa daga cikinsu tsofaffi ne ko na wata ƙasa aka sauya musu suna. Ba ya cikin mutunta mamaci a riƙa yawo da hotonsa a aljihu. Halin da hanya take ciki kana buƙatar saninsa, amma direbobinka da shugabannin tasha sun fi kowane guruf sanin gaskiyarsa, labaran duniya kuma rediyo sau ɗaya da safe sau ɗaya da yamma ya wadatar.

Tambaya daga wani magidanci a yankin Bichi

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 17 ya gama sakandare bara. Kusan wata uku ke nan ya shige ɗaki da waya, ba ya zuwa gona, ba ya zuwa ƙwallo da ya saba, abinci sai an matsa masa, ya rame. Na yi faɗa, na yi nasiha, ba ya ko ɗaga kai. Makon jiya ya ce wa mahaifiyarsa shi ya gaji da rayuwa. Ina ganin wayar nan ce ta lalata shi, kuma na yi niyyar fasa ta. Me ka gani?

Amsa

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba shi lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka ɗauki mataki. Ina roƙonka kada ka fasa wayar, kuma ka ajiye faɗan. Maganar da ya faɗa wa mahaifiyarsa ita ce mafi nauyi a wasiƙarka, kuma ta sa amsarka ta bambanta da ta sauran. Janyewa daga mutane, daina jin daɗin abin da aka saba so, rashin cin abinci, rama, da furta gajiya da rayuwa, idan suka wuce mako biyu, alamomi ne na ciwon damuwa, wanda cuta ce kamar hawan jini da ciwon suga, kuma ana warkewa. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka ya yi gargaɗi cewa matasan da suke haura awa uku a rana a kafafen sada zumunta sun ninka sauran shiga haɗarin damuwa da fargaba. Amma alaƙar tana tafiya ta fuska biyu: waya tana iya jawo damuwa, damuwa kuma tana iya kora yaro cikin waya don ya ɓuya. Idan ta biyun ce, fasa ta zai raba shi da maɓoyarsa ya bar shi da ciwon, ya kuma ƙara masa tabbacin cewa babu mai fahimtarsa.

A nemi wanda yaron ya fi sakewa da shi, ko kawunsa, ko yayansa, ko malaminsa, ya zauna da shi a keɓe ya saurare shi ba tare da wa'azi ba. A tambaye shi a fili ko yana tunanin cutar da kansa. Wannan tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. A bincika a hankali ko akwai abin da ya faru: sakamakon jarrabawa, rashin samun gurbin karatu alhali abokai sun tafi, kuɗin da ya salwanta a caca ta waya ko a mainin (haƙar kuɗin intanet), wani da yake yi masa barazana da hoto, ko shaye-shaye. Kafin nan, yau ɗin nan, a kwashe magungunan feshi na gona da na ɓera da duk wani magani mai yawa a kulle su inda ba zai kai ba, kuma a sa wani ɗan'uwansa ya riƙa kwana tare da shi.

A cikin makon nan a kai shi ga likita. Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau yana kan hanyarku ta shiga Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashen wannan fanni, kuma likitan babban asibitin da ya fi kusa da ku yana iya duba shi ya tura ku. Na san abin da mutane suke faɗa idan an ambaci Dawanau, amma mafi yawan masu zuwa irin waɗannan wurare ana duba su ne su koma gida a ranar. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da haƙƙin mai irin wannan lalura. Addu'a da sauka ku ci gaba da su tare da asibitin, ɗaya ba ya hana ɗaya. Kada a sayo masa maganin barci a kemis, kuma idan likita ya rubuta magani a sani cewa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a yanke shi don an ga shiru.

Maganar wayar za ta zo daga baya, kuma idan ta zo a yi ta a matsayin dokar gida wadda ta hau kan kowa har da kai: babu waya a wurin cin abinci, kuma duk wayoyin gidan wuri ɗaya suke kwana. Ranar zuwa asibiti mahaifiyarsa ta bi ku, tunda ita ta ji maganar daga bakinsa, kuma ku tafi da bayanin lokacin da abin ya fara, yadda barcinsa da cin abincinsa suke, da duk wani magani ko jiƙo da aka riga aka ba shi.